Wanda Ya Amsa Sunan Don Crisanto

Shekara goma sha biyu Don Crisanto Urrutia ya yi yana rubutu a kotun San Cosme, garin masu haƙar azurfa, kuma sau uku kujerar babban magatakarda tana zama babu kowa a kan idonsa. Duk sau ukun wani aka kawo daga Sifaniya, ko gishirin teku bai gama bushewa a takalminsa ba, aka ɗora shi a kai. Uban Crisanto ma daga can ya zo, amma shi a nan aka yanke masa cibiya. Kiriyol ne, Kiriyol kuwa iyakarsa ya riƙe wa na sama kwalbar tawada.

Saboda haka da bore ya tashi a shekarar 1810, Crisanto bai tsaya dogon tunani ba. Bindiga dai bai iya ba, ko kaza matarsa Casilda ce ke yankawa. Abin da ya iya shi ya yi. Ya riƙa kwafe takardun 'yan tawaye yana barin su a kujerun coci da ƙarƙashin buhunan wake a kasuwa. Ya manta cewa babu gida a garinmu da ba a ajiye takardar aure ko ta gona mai rubutunsa ba, rubutu mai kyau, kowane harafi da 'yar jelarsa. Shekara biyu mutane suna rufa masa asiri, ran nan wani ya gaji ya tona.

Sojojin sarkin Sifaniya suka kulle shi a siton masara na bayan bariki tare da mutum kusan arba'in. Wanda ya matsa ya ba shi wurin zama wani baƙauye ne daga Palo Seco, Melesio Tapia, mai safara da alfadarai. Tun yana saurayi alfadari ya harbe shi a kunnen hagu, don haka in ana magana sai ya karkato da kai.

"Kai kuma me ka yi, maigida?"

"Rubutu," in ji Crisanto.

"Me?"

"Rubutu!"

"Kai, Allah ya kyauta. Ni gishiri na ɗauko. Har yanzu ban san yadda aka yi albarushi ya shiga ƙarƙashin gishirin ba. Alfadaran nan nawa ba su da amana." Ya kashe ido ɗaya, na kusa suka yi dariya.

A rana ta biyar zazzaɓi ya kama Crisanto, haƙoransa suna haɗuwa kaf-kaf tun da safe. Melesio ya dube shi, ya kwance bargon gashin tumaki da ke kafaɗarsa.

"Ungo wannan, kawo baƙar kwat ɗin. Rigar zuwa coci ce, ba ta hana sanyi. Ni ma in ɗan zama Don, babban mutum, kafin a kai mu bakin teku fasa dutse."

Ya sa kwat ɗin, ta zauna masa daidai kamar don shi aka ɗinka. Ya yi ta kai da kawo a cikin sito yana hura hanci, yana ce wa mutane su tashi babba ya shigo. Kowa ya yi dariya. Crisanto ne kaɗai bai yi ba, domin da ya hango shi ta baya a cikin kwat ɗin, sai ya ga kamar kansa yake kallo yana tafiya.

A rana ta tara, hantsi ya ɗaga, wani sajan baƙo ya buɗe ƙofa da takarda a hannu. Tare da sabuwar runduna ya zo, bai san kowa a garin ba. Ya karanta suna shida, mutum shida suka miƙe. Sannan ya ce, "Don Crisanto Urrutia," ya ɗaga ido yana neman mai kama da Don a cikin tsummoki, idonsa ya sauka a kan baƙar kwat.

"Ga ni," in ji Melesio.

Crisanto ya buɗe baki. Ya ji iskar ta taso daga ƙirjinsa har maƙogwaro, ta tsaya a nan. Akwai mutanen San Cosme fiye da goma a cikin siton da suka san shi tun yana yaro, kowa ya sunkuyar da kai. A bakin ƙofa Melesio ya waiwayo, ya dube shi, fuskarsa babu tsoro babu murmushi, sannan ya gyara wuyan kwat ɗin ya fita. Ba a daɗe ba aka ji ƙarar bindigogi a bayan katanga, tattabaru suka tashi daga rufin sito.

Washegari da aka jera sauran a sarƙa za a kai su bakin teku, aka kira Melesio Tapia. Crisanto ya ce, "Ga ni." A wannan karon muryar ta fito ba tare da wahala ba.

Wata takwas ya yi yana ɗaukar dutse a Tampico, can bakin teku, kafin wasu 'yan fasa-ƙwauri su ɓoye shi a cikin jirginsu tsakanin fatu, su sauke shi a wata ƙasa, a birnin New Orleans. A can ma bai koma sunansa ba. 'Yan leƙen asirin sarki sun cika tashar jiragen, kuma ya san muddin aka ji yana raye za a koma kan Casilda. Matar mamaci ce kaɗai ake ƙyalewa. Ya kama ɗaki a saman benen Madame Zélie, wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da jan wake ga masu dako, ya shiga dako shi ma.

'Yan gudun hijira na ƙasarmu suna da wani shagon kofi da suke taruwa bayan coci ranar Lahadi, lauyoyi da tsofaffin hafsoshi, suna zana yaƙi a kan tebur da yatsa. Crisanto yakan zauna a kusa da ƙofa. Wata Lahadi wani lauya mai ƙaton gashin baki ya miƙe ya ce a tuna da waɗanda suka ba da ransu.

"Ku ɗauki Don Crisanto Urrutia na San Cosme. Na ji daga bakin wanda ya gani. Aka kira sunansa, ya miƙe cikin baƙar kwat, ya ce ga ni, kamar wanda aka kira cin abinci. A gaban bindigogi ma ƙin yarda ya yi a rufe masa ido. Wannan shi ne Kiriyol na gaske!" Ya juyo ya ga Crisanto. "Kai mai alfadarai, ka ji yadda manya ke mutuwa? Je ka ce a ƙaro mana kofi."

Crisanto ya tashi ya je ya faɗa.

A shekara ta uku ne kunnensa na hagu ya fara toshewa. Babu ciwo, babu ruwa. Da farko kamar an cusa masa auduga, daga baya ɗif. Ya tarar da kansa yana karkato da kai in ana masa magana.

Sai kuma wata rana da tsakar rana, a bakin kogi, wani alfadari mai jan keken sukari ya kafe a tsakiyar hanya. Mai shi ya doke shi har sanda ta karye, dabbar ko gezau. Crisanto yana wucewa da buhu a kafaɗa sai ya ji leɓunansa sun tsuke da kansu, wani fito ya fita, gajere biyu, dogo ɗaya. Shi kuwa tun yana yaro bai taɓa iya fito ba, 'yan'uwansa har tsokanarsa suke yi. Alfadarin ya ɗaga kai ya taka. Ba shi kaɗai ba. Duk alfadaran da ke bakin kogin, sun fi talatin, suka daina abin da suke yi suka juyo suna kallonsa, kunnuwa a miƙe. Wurin ya yi tsit har ana jin ruwa yana dukan cikin jirage. Ya ajiye buhun ya tafi gida.

A ɗaki ya ɗauko takarda da alƙalami, ya ce yau ko me za a yi sai ya rubuta wa Casilda. Ya kafa alƙalami zai rubuta sunanta. Hannun ya riƙe alƙalamin kamar mai riƙe da bulala. Harafin farko ya fito a karkace, na biyu ya ƙi zuwa sam. Ya san kalmar, yana ganinta a cikin kansa, amma yatsun ba su san hanya ba. Ya yaga takarda bakwai a yinin nan.

Da safe ya sauko, ya tarar Madame Zélie ta ajiye kofuna biyu a teburinsa.

"Baƙo za a yi?" ya tambaya.

"Kai za ka gaya mini, ɗana." Ta zuba kofi a duka biyun. "Shekara talatin ina zaune a ƙarƙashin matakalan nan, na san takun kowa. Kai in za ka sauko, ƙafa huɗu nake ji. Biyu masu sauƙi, biyu masu nauyi, kamar na mutumin da ya saba bin dabbobi a kan dutse. Da can masu nauyin a baya suke. Tun watan jiya sun koma gaba."

Crisanto ya buɗe baki zai yi magana.

"Ban tambaye ka ba, kada ka gaya mini," in ji ta. "Ba mugu ba ne, da mugu ne da tuni kyanwata ta bar gidan. Amma ba ɗan garin nan ba ne, kuma ba ya son danshin nan namu. Duk ranar da hanya ta buɗe, ka mai da shi inda ka ɗauko shi."

Ta ci gaba da ajiye kofuna biyu har shekara shida. Crisanto yakan sha nasa ya fita bai waiwaya ba. Bai taɓa tambayarta yadda take samun ɗayan ba in ta zo kwashewa.

Hanya ta buɗe a 1821, sojojin sarki suka kwashe nasu suka hau jirage. Da shekara ta kewayo Crisanto ya shiga San Cosme a ƙafa, da rana tsaka, fuska ta ƙone, tafin hannu duk kanta. Titin gidansa an sa masa sunansa. A harabar coci ya ga wani farin dutse mai tsawon mutum, kyandirori suna ci a gindinsa. Ya tsaya ya karanta sunansa da ranar mutuwarsa, a hankali, yana haɗa baƙaƙen da leɓe kamar ɗan koyo. Mutanen da suka yi makaranta tare suka wuce ta gefensa, wani ma ya ce masa ya matsa ya ba mata wuri.

Casilda ce ta buɗe ƙofa da kanta, cikin baƙaƙen kaya, furfura ta fito mata a goshi. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba.

"Shigo," ta ce. "Ka rame."

Ta zaunar da shi a kicin ta zuba masa kunun masara mai zafi. Sai da ya sha rabi sannan ta zauna a gabansa.

"Ni aka ba gawar in wanke. Fuskar ba ta ganuwa, amma ina kama hannun na san ba naka ba ne. Hannun mai jan igiya ne. Wani hafsa yana tsaye a kaina yana kallo, sai na rungume gawar na yi ta kiran sunanka." Ta gyara mayafinta. "Shekara goma kowace Lahadi ina zuwa wurinsa. Na ba shi labarin rufin da ya zuba, da rasuwar mahaifiyarka, da komai. Na saba da shi, Crisanto, ban ma san sunansa ba."

"Melesio Tapia."

Ta ƙura masa ido. "Ka faɗe shi kamar naka. Kuma me ya sa kake karkato mini da kai haka?"

Ya gaya mata duka, tun daga kwat har kofuna biyu. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, "Akwai wata mata daga Palo Seco, Nicanora. Duk shekara bayan girbi takan zo ta zauna a ƙofar bariki tana tambayar mai alfadarai da aka kai bakin teku. Sau biyu tana shan ruwa a gidan nan. Da na sani." Ta ɗauke kwanon daga gabansa. "Ni ko ba komai na san ba kai ne a ramin nan ba. Ita ba ta san komai ba. Ka kwana, gobe ka tafi."

Crisanto bai taɓa zuwa Palo Seco ba, yini biyu ne a cikin duwatsu. Ya yi niyyar tambaya a hanya, amma bai tambayi kowa ba. In ya zo mararraba ƙafafunsa ba sa ko rage sauri. A wani wuri suka bar hanya suka kai shi bayan wani dutse, ya tarar da idon ruwa a ɓoye a cikin ciyawa, ya durƙusa ya sha. Tsoro ya cika shi, amma ƙafafun kamar murna suke yi.

Gidan na ƙarshe ne a ƙauyen, na jan laka. Wata mata tana durƙushe a tsakar gida tana niƙan masara a kan dutse, ta ba ƙofa baya. Ya taka sau uku a cikin gidan. Hannunta ya tsaya a kan dutsen niƙa.

"Sai yau, kurman banza?" ta ce ba ta juyo ba. "Shekara goma, ko saƙo?"

Ta juyo. Ya ga yadda hasken ya mutu a fuskarta. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi fuskarsa, ta sake duban ƙafafun.

"Wane ne kai? Wa ya ba ka tafiyar mijina?"

Ya cire hula ya durƙusa nesa da ita ya faɗa mata. Bai rage komai ba, har da yadda ya buɗe baki ya rufe. Ya jira ta jefe shi da dutsen niƙan. Nicanora ta share hannu a zaninta.

"Sajan ɗin, ta wane gefensa ya tsaya?"

Crisanto ya rufe ido ya tuna. "Ta dama."

"To ya ji. Kunnen daman Melesio yana jin faɗuwar allura a cikin ciyawa." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Kada ka ɗauka don kai ya yi, maigida, kada ka ɗora wa kanka girman da ba naka ba. Shekara ashirin ina tare da mutumin nan ban taɓa gane dalilin abin da yake yi ba. Ya taɓa ba wani maroƙi alfadari sukutum don ya ce masa yana da kyan gemu. Wataƙila ya dube ka ya ji tausayi. Wataƙila kuma rigar ce ta yi masa daɗi." Ta miƙe. "Ba gafara nake da ita da zan ba ka ba, ba kuma tsinuwa. Ƙasusuwansa nake so."

Crisanto ya fara zuwa wurin sabon shugaban gari, wanda suka zauna a benci ɗaya a makaranta, ya ce masa shi ne Urrutia, a gyara dutsen. Mutumin ya tura masa takarda da alƙalami yana murmushi.

"Kowa ya san rubutun marigayi. Bismillah." Ya dubi abin da hannun ya zana ya yi dariya har da buga tebur. "Baba, rana ta yi maka yawa a hanya. Garin nan gwarzo ɗaya gare shi, ba kuma za mu musanya shi da mai alfadarai ba. A ba shi abinci ya tafi."

Tsohon limamin cocin ne ya yarda, bayan Casilda ta yi masa magana a keɓe. Wata Talata da safe, lokacin da gari ya tafi kasuwa, mai haƙar kabari ya ɗaga dutsen. Matan biyu suka tsince ƙasusuwan suka jera a akwatin katako, Casilda tana miƙawa, Nicanora tana karɓa. Aka mai da dutsen a kan ramin da babu kowa. Crisanto ya ɗora akwatin a kan alfadarin aro ya ja har Palo Seco, aka binne Melesio a bayan gidansa, kusa da turken dabbobinsa.

A hanyar dawowa Crisanto ya ɓata. Ya zo mararrabar farko ya tsaya kamar baƙo, bai san dama ba bai san hagu ba, alfadarin kuma ya ƙi bin sa ko da ya ja igiya. Ya gwada fito, iska kawai ta fita. Ya zauna a kan dutse ya yi kuka mai yawa, shi kansa bai san ko na sauƙi ba ne ko na kewa. Sai da wasu masu itace suka zo suka nuna masa hanya.

Kunnen bai dawo ba. Rubutun ya dawo kaɗan-kaɗan, amma ba irin na da ba, kuma bai sake neman kowa ya yarda da shi ba. Ya zauna a gidan Casilda shekara goma sha ɗaya, gari yana kiransa Melesio mai kula da lambun gwauruwa, masu tsegumi suna faɗin abin da suka ga dama. Ranar bikin 'yancin kai yakan tsaya a bayan taro da hula a hannu, a yi ta jawabi a kan farin dutsen. Bayan kowane girbi yakan kai wa Nicanora masara, ta karɓa, ta ba shi ruwa, ba su cika magana ba.

Ya rasu a shekarar da annobar amai da gudawa ta shigo, lokacin da ake binne mutane da yawa har ba mai tambayar wa aka sa a ina. Casilda ta kira mai haƙar kabarin nan, ya tsufa shi ma, ta ce ya ɗaga dutsen, a binne mijinta a ƙarƙashin sunansa. Shi ne ya ba da labarin daga baya, kuma har ya mutu bai canza ko kalma ɗaya ba. Ya ce ramin da ya bari a share shekara goma sha ɗaya, ya tarar da ƙasarsa ta lotsa daidai tsawon mutum, da wurin kai da wurin kafaɗu, kamar katifar da aka daɗe ana kwana a kai. Ya sa tafin hannu ya taɓa, ya ji ɗumi. Ya ɗago ya dubi Casilda. Ta ce masa ya yi aikinsa, rana tana yi.